Zanen Goyo a Gidan Gajiyayyu

Na daɗe ina salla a zaune. Na manta rabon goshina da ƙasa. Idan na ɗan sunkuyar da kai, ruku'u ke nan, in na ƙara kaɗan, sujada ke nan, Allah ya karɓa haka. Jikokina suna cewa tsufa ne. Ba na ja da su, amma na san tsufa ya zo ne ya tarar an riga an yi masa rabin aikin. Bayana a wani gidan gajiyayyu da ke gefen Tambuwal na baro shi, kuma duk da haka ni da sauƙi na fita. Wadda ta fi ni asara Yaya ce, ita ce kuma ke yawan faɗo mini a rai kwanan nan.

Ni 'yar Kebbe ce. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya guda a hannu, daidai shekarun da Sakkwato ta samu jiharta, kuɗin mai suna shigowa kamar ba za su ƙare ba. Ko'ina ana neman ma'aikata, har da irina da ba ta gama firamare ba. Kawuna ya ji ana ɗaukar mata aikin kula da tsofaffi, ya sa ni motar kasuwa. Hanyar Kebbe a lokacin, in ka hau mota da ƙashin bayanka lafiya ka kuma sauka da shi lafiya, sai ka yi sadaka. Na sauka Tambuwal da ƙunshin kayana, 'yata a goye.

Gidan dogon gini ne mai rufin kwano, ɓangaren maza daban, na mata daban, da bishiyar dogon yaro a tsakar gida. A wajenmu abin kunya ne a ce tsohonka yana hannun hukuma, saboda haka duk wadda ka gani kwance a ciki, ko dai ba ta da kowa, ko kuma nata sun bi kuɗi kudu sun manta hanyar gida. Akwai makafi, akwai waɗanda ɓarin jikinsu ya shanye, akwai wata tsohuwar Bafulatana da mutanenta suka kawo da za su tashi da shanu, don ta daina iya zama a kan jaki. Aikinmu kuwa ɗauka ne. Da safe a ɗaga tsohuwa a ɗora ta a fo, a ɗaga a yi mata wanka, a ɗaga a fitar da ita hantsi, rana ta yi zafi a ɗaga a mayar ɗaki. Kafin la'asar sai ka ji ƙugunka kamar an ɗaure shi da igiyar guga, ka koma gida kuma daka yana jiranka.

An kawo mana gadajen ƙarfe masu mariƙi a ƙafa, in ka murɗa, gadon ya tashi sama ko ya sauka. Tsofaffin nan kuwa ba su taɓa kwana nesa da ƙasa haka ba, tsoron faɗowa suke. Mai sauran motsi sai ta lallaɓa ta sauko tabarma, marar motsi ta yi ta roƙo har a saukar da ita. Gadajen suka zama wurin ajiye ƙwarya da carbi, mu kuma muka ci gaba da ɗaukar mutane daga daɓe.

Yaya ba 'yar'uwata ba ce, kowa dai haka yake ce mata, har Sista da ke shugabantarmu. Mutuniyar Dogon Daji ce, doguwa, mai faɗin kafaɗa, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ita ta koya mini aikin. Sai ta sunkuya daga ƙugu, ƙafafu a miƙe, yadda dukanmu muka tashi muka ga iyayenmu suna shara da wanke-wanke, ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin wuyan tsohuwa, ɗaya ƙarƙashin cinya, ta yi bisimilla ta ɗago ta ita kaɗai. Tsohuwa tana hannunta tana zuba mata albarka, kuma ina jin albarkar nan ta fi albashi daɗi a wajen Yaya. Ni kuwa in na yi nishi sai ta ce, "Raguwar Kebbe, mi kinka ci da safe?"

Abu guda Yaya take jira a duniya. 'Yarta tilo tana aure a Kebbe, ta haifi ɗa namiji, jikanta na fari. Al'ada ce in lokacin yaye ya yi a kai yaro wajen kakarsa, ta goya shi, ta rarrashe shi, ta dama masa kunu har ya manta nono. Tun yaron bai fara zama ba Yaya ta sa masaƙi ya saƙa mata zanen goyo mai kauri, ta kai marina aka rina shi baƙi wulik, aka buga har yana ƙyalli, ta naɗe ta ajiye a adaka. Duk lokacin da na je gida na dawo, kafin in sauke kaya ta tare ni: "Kin ga angon nawa? Ya yi haƙori?" Ta ce ranar da aka kawo shi sai ta zaga Tambuwal da shi a baya har kasuwa, kowa ya ga mijin da ta samu. Mun ji zancen nan har mun haddace shi.

Ana nan sai aka tura Sista kwas a birni. Yarinya ce a kanmu, amma ba ta da raini, kuma in ta faɗi abu ta san dalilinsa. Da ta dawo ta tara mu a gindin dogon yaro, ta sa aka cika bokiti da ruwa. Ta ce masu jinyar tsofaffi ba cutar majinyata ke kayar da su ba, bayansu ne ke kayar da su.

"Ƙarfin mutum ga cinya shike, ba ga baya ba," in ji ta. "In za ku ɗauki abu, ku lanƙwasa gwiwa, baya shi tsaya miƙe. Ku jawo mutum jikinku kafin ku ɗaga. In za ku juya, ku juya da ƙafa, kada ku murɗa ƙugu da kaya ga hannu. Kuma daga yau kada wadda tas sake ɗaukar mutum ita kaɗai. Hannu guda bai ɗaukar jinka."

Ta tsuguna ta ɗauki bokitin ta miƙe. Mata suka rufe baki da gefen mayafi suna dariya, wai mace da girmanta ta ware ƙafafu ta tsuguna gaban mutane kamar mai naƙuda. Yaya ta ce uwarta a sunkuye ta yi aiki, kakarta ma haka, ba ta ji bayan wata ya karye ba. Na ce mata su tsintsiya da ƙwarya suke ɗauka, ba mutum sukutum ba tun safe har yamma, kuma ita da bakinta ta gaya mini duka biyun a duƙe suka ƙarasa rayuwa. Ta ce bakina ya fi hannuna aiki. Ni dai na gwada abin Sista a ranar, da yamma kuma na yi dakana ban dafa bango ba.

Sai batun zane. Sista ta nuna mana yadda za a ninka zanen gado a sa shi ƙarƙashin tsohuwa, daga kafaɗa zuwa cinya. A karkata ta gefe guda a tura zanen, a juyo ta a jawo shi. Sannan mutum biyu, ko huɗu in mai nauyi ce, su naɗe bakin zanen a hannu, su yi bisimilla tare, su ɗaga tare. Mun gwada da junanmu, ni aka ɗauka, abin ya zo da sauƙi. Abu ɗaya ne babu wadda ta lura da shi, duk da dukanmu a ƙasar nan aka haife mu: zannuwan hukuma farare ne fat, irin alawayyon da ake yanka wa mamaci.

Muka fara da Innar Jabo, don ta fi kowa nauyi. Malama ce 'yar gidan malamai, ta karantar da mata da yawa a garinsu kafin ɓarin jikinta na dama ya shanye. Ba ta taɓa haihuwa ba, ɗan ƙanenta da ke riƙonta kuma ya tafi kudu shiru. Hankalinta garau, harshen ne kawai ya ɗan yi nauyi. Abin da ba mu sani ba shi ne, shekara da shekaru ita ke yi wa matan Jabo wankan gawa.

Muka durƙusa muka gaishe ta, muka karkata ta, muka tura zane, muka juyo ta, muka jawo. Muka kama mu huɗu, biyu ta nan biyu ta can. Sai ta ɗaga hannunta mai lafiya.

"Wa yak koya muku wanga aiki?"

Sista ta ce, "Inna, sabuwar dabara ta, don kada ki ji zafi, mu ma kada mu ji."

"Sabuwa gare ki, ɗiyata. Ni da hannuna haka nika juya su. A karkata ta nan, a tura likkafani, a maido ta, a jawo. Ga farin ƙyalle, ga mutum fuɗu. Makara kaɗai ta rage ku aika a ɗauko." Ta ja numfashi. "Ku bari Mai abu shi karɓi abinai tukuna. Ban mutu ba."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma ɗakin duka ya ji. Wata makauniya ta fara salati, Bafulatana ta ja mayafi ta rufe kai. Muka zare zanen jiki a sanyaye. Yaya ta ture mu gefe, ta sunkuya daga ƙugu, ta ɗauki Inna ita kaɗai ta fita da ita hantsi.

Daga ranar babu tsohuwar da ta yarda farin zane ya shiga ƙarƙashinta. Sista ta yi bayani har ta gaji. Ta ce to a bar zanen, mutum biyu su haɗa hannu. Wasu suka yarda, Inna ta ƙi, ta ce mai rai mutum guda ke tallafarsa, ɗaukar taro ta mamaci ce, ita Yaya ta ishe ta. Sista tana iya ba mu umarni, amma ba ta iya ba tsohuwa, balle malama. Ga shi hannun ma ba ya isa, don a shekarun nan duk wadda ta samu wani aiki mai inuwa sai ta gudu.

Na fara ganin Yaya tana dafa ƙugu in ta ɗauka babu mai kallonta. Warin man zafi yana riga ta shigowa ɗaki. Wata ranar kasuwa ta je wajen wanzami ya yi mata ƙaho, ta dawo tana cewa mataccen jini ne, an cire shi. Na same ta a bayan madafa tana ɗaura zane da ƙyar, raina ya ɓaci.

"Yaya, bayan ga da kika wasa da shi, da shi fa za ki goya angon naki."

"Goyon jinjiri har aiki na, ga wadda ka ɗaukar Inna?"

"To ki bari mu kama maki, ko tana so ko ba ta so."

Ta dube ni. "Tsohuwa ta riƙa wuyana jikinta na rawa. In ce mata mi? In ce ta haƙura da tsoronta, ni ta bayana nika yi?"

Na dai san haushi nake ji, na Inna da na Yaya duka, da na masu zuwa ziyara ranar Juma'a suna cewa sannunku da aikin lada. Sannunsu ba ta taɓa ɗaga mini tsohuwa daga daɓe ba.

Abin ya faru ne da hantsi, cikin damina, saura kaɗan a kawo yaron. Inna tana kan tabarma, an ajiye keken guragu a gefe, ni ina can ƙarshen ɗaki ina canza wa makauniya riga. Yaya ta sunkuya, ta ɗago Inna, ta murɗa ƙugu za ta ɗora ta a keke, ƙafafunta suna inda suke. Ban ji ƙarar komai ba. Na dai ga ta tsaya cak, fuskarta ta yi toka-toka. Ta kira ni a hankali: "Ke, taho ki karɓi Inna." Ba ta sake ta ba har na iso na tara ƙirji, muka zame da ita cikin keken. Sannan Yaya ta tafi ƙasa a kan gwiwoyinta, ta kifa, ta kasa tashi.

Muka yi ƙoƙarin kama ta ta hamata, ta ciji leɓe har ya yi jini. Sista ta ce kada a lanƙwasa mata baya, a ɗauko zane. Babu wani sai farin. Muka karkata ta, muka tura, muka juyo ta, muka jawo, muka kama mu huɗu. Yaya tana gumi tana cewa, "Ku juya keken Inna, kada ta gani." Babu hannun da ya rage da zai juya keke. Haka muka wuce da ita ta gaban Inna a cikin farin ƙyalle, Inna tana kallo, bakinta yana motsi ba sauti.

Landiroba ta kai ta asibiti a Sakkwato, ta daɗe a can. Likita ya ce wani abu da ke tsakanin ƙasusuwan baya ne ya goce ya danne jijiya. Ta dawo da sanda, tana jan ƙafar hagu, an kuma gaya mata kada ta ƙara ɗaukar abin da ya fi buta nauyi. Aiki ya ƙare mata ke nan.

Inna kuwa ta daina fita hantsi. Muna haɗa hannu mu biyu mu ɗaga ta don larura, tana rufe ido tana ƙanƙame jiki, mu ma muna shan wuya don babu wurin kamawa. Abinci sai ta taɓa ta ture. Kullum sai ta tambaye ni jikin Yaya, in ce da sauƙi, in wuce. Ba na iya tsayawa, don in na dube ta Yaya nake gani a ƙasa.

Aka kawo yaro yaye daga Kebbe kamar yadda aka shirya. Na je gidan bayan na tashi aiki, na tarar da Yaya a kan kujera, an sa mata matashi a baya, yaron yana ta kukan nono, ya ƙi kunu, ya ƙi kowa. Da ya gaji sai ya zagaya bayan kakarsa ya kama rigarta yana ɗaga ƙafa, abin da kowane yaro ke yi in yana son goyo. Yaya ta dafa gwiwa ta fara karkatowa gaba. Na ga gumi ya karyo mata. Ta ƙara gwadawa, sannan ta koma ta jingina. Zanen goyon yana naɗe a kan adaka, ba a ko warware shi ba. Ni na goya yaron da mayafina, na yi ta zagaya tsakar gida da shi har ya yi barci, Yaya tana bin mu da ido.

"An kawo man ango, ya iske amarya ta tsufa," in ji ta. Dariya ta so yi, hawaye suka riga ta. Ba a daɗe ba dangin uban yaron suka zo suka ce tunda ba ta da lafiya bari a sauƙaƙa mata, suka ɗauke shi suka kai wa kakarsa ta wajen uba. Ba su yi laifi ba, yaron yaye baya yake bukata.

Bayan an tafi da shi, wata safiya sai ga Yaya ta shigo gidan gajiyayyu tana dogara sanda, da ƙunshi a hamata. Ta nufi wurin Inna. Ba ta iya durƙusawa, saboda haka ta nemi gafara, na kawo mata kujera, ta zauna sama da tsohuwa, abin da ba ta taɓa yi ba. Suka gaisa. Inna ta fara cewa, "Ɗiyata, ni nij ja maki..." Yaya ta katse ta, ta warware ƙunshin ta ɗora mata a jiki.

"Inna, kin san wanga?"

Inna ta shafa shi da hannun hagu, ta kai hanci. "Saƙi na. Zanen goyo."

"Cikin matan da kinka yi ma sutura, akwai wadda anka naɗe cikin baƙin saƙi?"

"Ba a yi."

"To, ni ba ni da sauran bayan goyo, mai zanen kuma an tafi da shi. Ki bari ɗiyan ga su goye ki da shi, su biyu, tun nasu bayan bai bi nawa ba. Wagga ma," ta nuna ni da sanda, "da ɗiya gare ta, kuma raguwa ta tun asali."

Inna ta yi ta murza bakin zanen da yatsu. Can ta ce, "Ku taho." Muka durƙusa ni da wata abokiyar aiki, muka karkata ta, sai ta riƙe mini hannu. "Amma ku yi man fira in kuna ɗauka. Gawa ba a yi mata fira."

Muka tura, muka jawo, muka lanƙwasa gwiwa yadda Sista ta nuna, ina gaya mata wai ruwa ya cinye hanyar Kebbe har motar kasuwa ta kwana a laka. Ta ce wannan ai ba labari ba ne, kowace shekara haka ne. Kafin ta rufe baki tana cikin keke. Yaya ta bi mu da sandarta har gindin dogon yaro.

A cikin makon nan Sista ta tattara fararen zannuwan ɗauka ta aika marina. Suka dawo baƙaƙe suna zuba, hannuwanmu suka yi shuɗi, bayan tsofaffi ma haka, suna tsokanar juna wai an yi musu kwalliyar amare. Ni dai ban iya dariyar sosai ba. Abin da ramin marina zai gyara tun farko, sai da ya ci bayan mace guda tukuna, kuma duk yawanmu babu wadda ya faɗo wa a rai.

Na yi shekaru a gidan bayan haka, ƙa'idar Sista kuma ta zauna. Har wasu tsofaffin muka lallasa suka koma gado, a sauke shi ƙasa-ƙasa lokacin barci, a murɗa shi ya kai ƙugunmu lokacin aiki. Amma da kuɗin mai suka ja baya sai ma'aikata suka ragu, mariƙan gadaje suka yi tsatsa, Sista aka canza mata wuri. Zane yana nan a rataye, sai dai zane mutum biyu yake so. Ranaku da yawa ni kaɗai ce a ɗakin, kuma fitsarin tsohuwa ba ya jira sai an ɗauki sababbin ma'aikata. Ina lanƙwasa gwiwa, ina jawo ta jikina, ina yin abin da zan iya. Shi ya sa nawa bayan bai tsinke rana ɗaya ba, a hankali ya tafi kamar gara ta shiga azara. Inna a hannunmu ta rasu, sai a ranar muka ɗauko mata farin. Yaya ta ga jikoki da yawa bayan na farin, ba ta goya ko ɗaya ba.

Yanzu ina Kebbe a gidan 'yata, wadda na sauka Tambuwal da ita a goye. Ta zama babbar mace, ita ma 'yarta ta haihu, tana jiran a kawo mata jikanta na fari yaye. Tun damina ƙafafuna suka daina kai ni ko ƙofar ɗaki. Rannan da safe ta zo za ta fitar da ni hantsi, sai na ga ta sunkuya daga ƙugu, ƙafafu a miƙe, tana zura hannu ƙarƙashin wuyana. Na buge hannun.

"Tafi ki kira matar maƙwabci, ku taho da zane mai kauri."

"Haba Inna, ina da raina a ɗauke ki cikin zane kamar..." Ba ta ƙarasa ba. "Mutane su ce mi? Su ce na kasa da uwata?"

"Su ce. Su za su goya maki jikan?"

Ta tafi tana ƙunƙuni, suka dawo su biyu da wata tsohuwar atamfa mai ganye-ganye, suka ninka ta. Ni na koya musu ina kwance: ku karkata ni, ku tura, ku maido ni, ku jawo. Da suka kama bakin zanen na dubi rufin ɗaki, ga fuskoki a kaina, ga hannuwana a miƙe jikin cinya, sai gabana ya faɗi. Atamfa ce, na san atamfa ce, ni na ce a kawo ta. Amma na ji abin da Innar Jabo ta ji, kuma tsoro ne na gaske, ba rigimar tsufa ba. Na so in ce su bari. Sai na tuna baƙin zane a naɗe a kan adaka, na haɗiye maganar.

"Ku yi man fira," na ce.

Sai 'yata ta ce wai jikan nata ya fara takawa, wata mai kamawa za a kawo shi. Na ce to, ta lanƙwasa gwiwar da kyau. Suka yi bisimilla suka ɗaga.